Randar Kaka Ba Ta Sanyi

A ƙofar ɗakin kakata, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano da ke tsakar gidanmu na unguwar New Bell a Douala, akwai wata randa. Ba babba ba ce, idan babu ruwa mutum ɗaya zai rungume ta ya ɗaga. An ce ja ce a da, ni dai baƙa na tashi na gan ta. Tana zaune a kan yashi cikin wani tsohon daro, faifai a bakinta, moɗa a kan faifan. Ruwanta bai taɓa yin sanyi ba. Duk gidan mun san haka, shi ya sa in ƙishirwa ta kama mu firigo muke nufa, in kuma an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, mu sayi na leda. Kaka kaɗai ke shan ruwan randar.

Kullum da safe, bayan ta idar da lazimi, takan fito tana dafa bango, ta ɗaga faifan, ta ɗebo rabin moɗa. Ta kurɓa, ta riƙe ruwan a baki kamar mai ɗanɗana miya, sannan ta haɗiye. Sai ta ce, "Tukuna." Ta mayar da faifai ta koma ɗaki. Tun ina ƙarami nake jin kalmar nan ta tagar ɗakinmu, har na ɗauka cikin addu'ar safe take.

Ran Juma'a kuwa aiki ne sosai. Danshin Douala yana sa gansakuka ta fito a bayan randar, sai Kaka ta juye ruwan, ta goge ta da soso ciki da waje, ta zuba garwashi a kasko ta barbaɗa kajiji, ta kife randar a kai har hayaƙin ya ratsa ta. Sannan ta cika ta da sabon ruwa, ta jefa 'yar saiwar jema. Ba ta yarda kowa ya taya ta. Ummata ta sha cewa, "Hajiya ki bari in wanke miki," ita kuma amsarta ɗaya ce: "Wanke naki kwanukan."

Sai da na kai shekara goma sha biyar na san abin da "tukuna" take nufi. Muna tsince shinkafa ni da ita, ta ba ni labarin ba tare da na tambaya ba, don ni ba mai tambaya ba ne. Mahaifiyarta maginiyar tukwane ce a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Randunanta sun yi suna, a tsakiyar bazara ruwansu har haƙori yake kamawa. Kaka ta auri kakanmu, ɗan fataucin goro, da son ranta da yardar kowa. Da ya ce zai koma Douala wurin yayansa ya zauna, sai mahaifiyarta ta ce, "Aure na yarda da shi, tafiyar ce ban yarda ba." Kaka ta zaɓi ta bi mijinta. Ranar tafiya uwar ta ƙi fitowa daga ɗaki. Kaka ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Inna, ki yafe mini." Sau uku tana faɗa, ba ta ji ko tari ba. Suna tasha, mota na shirin tashi, wata maƙwabciya ta iso da randar nan a naɗe cikin ciyawa da tsohon zane. Ta ce, "Ta ce a ba ki." Iyakar saƙon ke nan.

Kaka ta rungumo ta a mota da jirgin ƙasa, kwana da kwanaki, ko tsagewa ba ta yi ba. Da suka sauka New Bell ta turara ta, ta cika ta, ta kwana da murna. Da safe ta kurɓa, ta ji ruwan ɗumi. Ta ce ko sabunta ce. Wata ya wuce, shekara ta wuce. A shekara ta shida, tana harhaɗa kayan zuwa ganin gida, wasiƙa ta iso cewa an yi arba'in ɗin Inna.

"Ban ce randa tana da wani iko ba, astagfirullah," in ji ta. "Amma hannunta ne ya gina ta, kuma a kwanakin nan ta gina ta. Duk randunanta suna sanyi, sai tawa? Abin da ke ranta ne ya shiga ciki. Ranar da ta huce zan ji a bakina."

Na ci gaba da tsince shinkafa.

Haka nake tun asali. A gidanmu ana iya wuni ba a ji muryata ba. Babana yana da rumfar atamfa a kasuwar Mboppi, ya gwada ni a can hutu ɗaya ya dawo da ni, ya ce mai saye zai tsufa kafin in faɗi kuɗin yadi. Kaka ce kaɗai ba ta damu da shirun nawa ba, ta mai da shi abin wasa. Da yake ni jikanta ne namiji, Maigida take ce mini.

"Maigida, ka fita ba sallama, ka dawo ba tsaraba. Wane irin miji Allah ya haɗa ni da shi?"

Sai in yi murmushi in sunkuyar da kai.

"Dube shi. Ko kurma na aura da ya fi ka hira."

A shekarata ta biyu a jami'a muka fara darasin yadda zafi ke tafiya daga abu zuwa abu. Wata rana malamin ya shigo aji da ma'aunin zafi guda biyu a ɗaure a katako ɗaya. Ɗaya haka yake, ɗayan an naɗe masa gindi da ɗan ƙyalle. Ya tsoma ƙyallen a ruwa, ya yi ta kaɗa katakon a iska kamar mai fifita, sannan ya kira wata ɗaliba ta karanta. Busasshen ya nuna digiri talatin, jiƙaƙƙen ashirin da takwas. Ya ce, da Faransanci, mu riƙe wannan tazarar da kyau, domin ita ce iyakar sanyin da bushewar ruwa za ta iya ba mu a garin nan. Shi ya sa gumi ba ya bushe mana, shi ya sa wanki ke kwana uku a igiya. Ya ce da a can arewa muke lokacin zafi, tazarar sai ta ninka haka sau da yawa.

A gefen takardata na rubuta kalma ɗaya da Hausa: randa. Sauran darasin ban san yadda ya ƙare ba.

Abin ba shi da wuya. Jikin randa yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa yana tsatsafowa ta nan ya jiƙa bayanta. Kafin ɗigon ruwa ya bar jikin randar ya bi iska, sai ya sami zafin da zai ɗaga shi, kuma a wurin ruwan ciki yake karɓa. Kowane ɗigo da ya tashi, da ɗan zafinsa yake tafiya, haka ruwan ciki ke yin sanyi. Amma sai in iskar tana da wurin karɓa. Iskar ƙauyen su Kaka a bazara busasshiya ce, duk abin da aka ba ta shanyewa take. Ta Douala kuwa a ƙoshe take, teku da kogi sun riga sun cika ta. Randar tana ta gumi shekara hamsin, babu mai karɓar gumin, sai gansakuka.

A kan bensikin, babur ɗin haya, na dawo gida ranar. Ina ɗauke da abin da zai sauke wa tsohuwar nan kayan da ta daɗe da shi a ka. Na shiga gida na same ta tana gyangyaɗi a tabarma, na buɗe baki, na rufe. Na ce a raina: in fa ƙofofin randar sun toshe da hayaƙi da tsufa? In fa gininta ne daban? Ba zan gaya mata abin da ban tabbatar ba.

Na sayo ma'auni biyu a shagon kayan makaranta, na ware sabon littafi. Sati uku ina aunawa, da safe da kuma la'asar: iska, jiƙaƙƙen ƙyalle, ruwan randa. Nakan wanke ma'aunin da sabulu a gabanta kafin ta bari in tsoma.

"Randar ce ba lafiya, Maigida? Likitan tukwane aka tura ka ka koyo?"

"Aikin makaranta ne, Kaka."

"To me ka gano? Zazzaɓi ne ko shawara?"

Lambobin duk sun yi daidai da abin da nake zato. Ruwan randar yana ƙasa da iska da digiri ɗaya, wata rana ɗaya da rabi, abin da harshe ba zai ji ba. Wato tana aikinta iyakar abin da garin ya bar ta. Saura abu ɗaya: in ga me za ta yi a busasshiyar iska. Wannan kuwa babu shi a New Bell.

Damina ce ta kawo shi. A watan Agusta aka kwana biyu ana ruwa, lambatun layinmu ya cika ya juyo cikin gidaje. Ɗakin Kaka ya fi kowane ƙasa, ruwa ya kai ƙafar gado. Da ma ƙafafunta sun kumbura, ga tari. Gwaggona, ƙanwar babana, ma'aikaciya ce, tana zaune a bene a unguwar Makèpè. Ta zo da taksi ta ce sai ta tafi da uwarta har ɗakin ya bushe.

Kaka ta tsaya a bakin motar ta ce, "Randata."

"Mama, don Allah. Akwai firigo, akwai komai."

"To firigon ya tafi ya yi jinya, ni ina nan."

Mai taksi ya danna oda sau biyu. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ɗauko mata, ka ji, kafin ta tara mana unguwa." Haka na zauna a baya da randa a cinya, duk ramin da muka faɗa sai Kaka ta waiwayo ta ce, "A hankali, ba kai nake ji ba."

A falon Gwaggo akwai kilim, na'urar sanyaya ɗaki. Kaka ba ta son sa, ta ce ƙashinta yake shiga, don haka ta tare a ɗakin baƙi, taga a buɗe, randa a gefen gado. Ranar da na je duba ta, na tsaya a baranda ina kallon ruwan da ke ɗiga daga bututun kilim ɗin. Ruwan nan daga iskar falon aka matso shi. Kilim ba sanyaya iska kawai yake yi ba, busar da ita yake. Abin da na rasa sati uku ga shi a bayan ƙofa.

Na roƙi Gwaggo ta bar shi a kunne kwana ɗaya da wuni.

"Tu es sérieux? Da gaske kake? Kilim saboda tukunya?"

"Gwaji ne, Gwaggo."

"Kai da uwata dai sai Allah. Je ka."

Wurin Kaka na fi jin nauyi. Na durƙusa na ce ta ara mini randar zuwa gobe, falo kawai zan kai ta.

"Duk kayan ɗakina ka rasa abin ara sai ita?" Ta yi tari. "Ɗauka. Amma in ka fasa, kar ka dawo ba ni haƙuri, takardata kawai za ka rubuto."

Ban gaya mata abin da nake nema ba. Ina so ta fara ji a bakinta, sannan in yi bayani. Har jimlolin bayanin na rubuta a bayan littafina da Hausa, na gyara su sau uku.

Na san falon kansa yana da sanyi, kuma duk ruwan da aka ajiye a ciki zai ɗan sauka. Don haka na cika randar da ruwan famfo, na cika bokitin roba mai murfi da ruwan famfon nan dai, na jera su wuri ɗaya, na juya musu fanka. Roba ba ta gumi. Duk abin da randar ta fi bokitin, aikinta ne, ba na kilim ba.

Washegari bayan la'asar na dawo daga makaranta. Tun kafin in tsoma ma'auni na ga bayan randar ya canza, babu ƙyallin jiƙar nan da na saba gani, ya yi fari-fari. Bokiti ya nuna ashirin da huɗu. Randa, goma sha tara. Na musanya ma'aunan na sake, ko ɗaya ne ke ƙarya. Haka dai. Na rubuta lokaci, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Sannan na ɗebo rabin moɗa na kai mata, littafin a hammata.

Tana zaune a bakin gado tana jan carbi. Ta karɓa ba ta dube ni ba, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Na ga carbin ya tsaya. Ta haɗiye. Ta sake kurɓa.

"Daga ina?"

"Daga randarki."

"Ƙanƙara ka sa."

"Wallahi ban sa komai ba."

Ta san ba na rantsuwa. Ta miƙe. Matar da sai an kama ta take zuwa banɗaki, ta wuce ni ba ta dafa komai ba, ta shiga falon da take gudu. Ta ɗaga faifan da kanta ta ɗebo, ta sha, ruwa na bin haɓarta. Ta ɗora tafin hannu biyu a jikin randar, ta zame ta zauna a kan tayil.

"Inna," ta ce. "Inna, na gode."

Muryar ba tata ba ce, ta yarinya ce. Ta ƙwala wa Gwaggo kira daga kicin. "Ke! Zo ki sha. Zo ki sha, kakarki ta huce. Dubi, sai da na kusa zuwa wurinta." Tana dariya, hawaye na zuba, tana shafa randar kamar kan jariri. Gwaggo ta durƙusa ta sha daga hannunta, ita ma ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin fuskar Kaka haka ba. Duk wani abu da ke ɗaure a goshinta, wanda na ɗauka halittarta ce, ya warware.

Gwaggo ta ɗago ta ga ina buɗe littafi. Ta girgiza mini kai, a hankali, sau biyu. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Amma abin da Kaka ta faɗa ba daidai ba ne, kuma ni ina ganin abin da na kawo ya fi nata daɗi. Ita tana murna an yafe mata yau, ni zan nuna mata ba a taɓa fushi da ita ba tun farko. Haka na lissafa.

Na durƙusa na ce, "Kaka, ba haka ba ne. Bari in nuna miki."

Na yi magana kamar minti goma, mafi tsawon maganar da na taɓa yi a gabanta. Na faɗi ƙofofin yumɓu, na faɗi gumi, na faɗi iskar da ta ƙoshi. Na nuna mata bokitin, na nuna mata ruwan da ke ɗiga a baranda. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta saurare ni har ƙarshe, hannunta ɗaya a kan randar.

"Wato in aka kashe abin can?"

"Za ta koma yadda take."

"In aka kawo randar wani nan fa?"

"Kowace randa za ta yi sanyi, in dai ba a shafa mata fenti ba."

"Ko ba Inna ce ta gina ba."

"E. Kin gani, Kaka, ba fushi ba ne. Ba ta taɓa fushi da ke ba. Iskar garin ce kawai."

Ta ɗauke hannunta daga jikin randar ta ɗora a cinya.

"Wannan ma a littafin yake? Cewa ba ta yi fushi ba?"

Na duba shafin kamar zan gani a ciki.

"Randa ka auna, Maigida. Na yarda da awonka." Ta goge haɓarta da bakin mayafi. "Shekara hamsin ina cewa Inna ta ƙi amsa mini ne. Wanda ya ƙi amsawa ai yana ji. Ashe ni kaɗai ce a wurin."

Ta miƙa wa Gwaggo hannu ta tashe ta. A bakin ƙofa ta ce, "A kashe abin nan, ya shiga ƙafata."

Gwaggo ta same ni a baranda bayan ta kwantar da ita. Ba ta ɗaga murya ba, don kar a ji.

"Shekara ashirin muna roƙonka ka buɗe baki. Ashirin. Ka rasa ranar da za ka zaɓa sai yau?"

"Gaskiya na gaya mata."

"Wa ya tambaye ka? Da ka bari ta kwana da shi ko dare ɗaya ne. Nawa ya rage mata?"

Bayan sati biyu ɗakin New Bell ya bushe, muka dawo da ita. Na mayar da randar kan yashinta, na cika ta. Washegari da safe na kwanta ina saurare ta taga. Na ji fitowarta, na ji sandarta, na ji ta wuce rumfar ba ta tsaya ba. Ran Juma'a ba ta nemi garwashi ba. Ta ce wa Umma, "Juye ruwan nan ki kife ta, sauro take tara mana." Ragowar kajijin ta aika wa maƙwabciyarmu da ke shirin aurar da 'ya. Ta koma shan ruwan firigo, takan sa a ajiye mata shi a kofi har ya huce.

Ba ta canza mini fuska ba, wannan ya fi komai ciwo. Tana nan tana ce mini Maigida, tana tsokanata da tsaraba. Sai dai ta daina fitowa da safe. Da ma randar ce ke fito da ita. Takan zauna a gado har hantsi, Umma ta kai mata koko can.

Na yi ta neman hanyar gyarawa. Na koma littattafai, kamar a can matsalar take. Wata rana na shiga ɗakinta na zauna a ƙasa na ce, "Kaka, na sake duba awon nan. Wataƙila na yi kuskure. Ma'aunan ba masu kyau ba ne."

Ta dube ni ta yi dariya har tari ya kama ta.

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, ba ka saba ba. Kai ba ka kuskuren awo, Maigida. Tun kana ƙarami in aka aike ka gishiri sai ka ƙirga ƙwayar."

"Da ban faɗa ba."

"Da ba ka faɗa ba, da mun dawo nan ta koma ɗumi, in ce Inna ta sake fushi. Ka ga da wanne zan ji?" Ta juya carbinta. "Ko kuma da na mutu a Makèpè da murnata. Allah kaɗai ya sani. Tashi ka ba ni wuri, warin takarda kake."

Na sha juya maganar nan tata. Wani lokaci nakan kama rabin farko in ce ai ko ba ni ba, garin zai faɗa mata. Amma na san Gwaggo da ta bar randar a falonta, da kilim a kunne, har ranar da Allah ya yi. Ta faɗa mini haka da bakinta.

Wata bakwai Kaka ta ƙara. A satin ƙarshe ba ta iya tashi, ruwa ma da cokali ake ba ta. Wata ranar Laraba da hantsi, na saɓa jaka zan tafi makaranta, Umma ta ce Hajiya na kira. Na shiga na durƙusa a bakin gadon. Ta lalubo kunnena ta riƙe, yadda take yi mini ina yaro in za ta ba ni saƙo.

"In aka mai da ita ƙauyenmu, za ta yi sanyi?"

"Za ta yi, Kaka."

"To randar kirki ce."

"Ta kirki ce."

"Da ma na sani. Inna ba ta ginin banza." Ta numfasa, ba ta saki kunnen ba. "Saurara nan. Na ga yadda kake raɓe-raɓe a gidan nan kamar wanda ya ci bashin maƙwabta. Na yafe maka. Duniya da lahira na yafe maka. Ka ji?"

Na gyaɗa kai.

"Ba kai za ka gyaɗa mini ba. Ka ji da kunnenka?"

"Na ji."

"Me na ce?"

"Kin ce kin yafe mini."

"Yauwa. Da bakina na faɗa, ga uwarka nan shaida. Kar in tafi ka zauna kana ɗanɗana ruwa."

Ta saki kunnen, ta ce in tafi kar in makara. Ran Asabar da azahar ta cika.

Bayan an yi arba'in, Umma tana gyara tsakar gida ta tambaye ni ko a kyautar da randar, tunda wuri take ci. Na ce a bar ta. Tana nan ƙarƙashin rumfar a kife, wani lokaci Umma na ɗora kwandon albasa a kanta. Sau ɗaya na ɗaga ta don in share ƙarƙashin daron, ƙamshin kajiji ya taso daga ciki, na mayar da ita da sauri.

Ina shekarar ƙarshe yanzu. Aikin da zan kammala karatu da shi a kan ɗakunan sanyi na masu kifi ne, ina wuni ina lissafin kaurin bango da zafin da ke ratsa shi. Da safe in na fito alwala nakan wuce ta gaban rumfar. Moɗar tana rataye a ƙusa inda Umma ta maƙala ta. Akwai ranakun da hannuna ke kai wa can. Ban cika randar ba, tunda ta ce kar in yi.